Hannun Juya Wuta a Ɗakin Injin Baba

Mahaifina mai injin niƙa ne, tun kafin a haife ni yake wannan sana'a. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce kawai, in kuma ransa ya yi fari ya ce "malama", saboda ina koyarwa a firamaren garinmu. Bayan rasuwar maigidana na dawo gida da zama, aka ba ni ɗakin marigayiya Innarmu, wanda bangonsa ke manne da ɗakin inji. Abin da zan faɗa a nan, wani da idona na gani, wani ta bangon nan na ji shi.

Abu uku ke aiki a ɗakin: injin surfe, injin niƙa, da dutsen wasa da manoma ke kawo wa fartanya da lauje. Duk ukun inji ɗaya ke jan su, wani baƙin tsohon injin dizal mai ƙaton wili, wanda sai an murɗa hannu an haɗa gumi kafin ya yarda ya tashi. Da yake tayar da shi aiki ne, ba a kashe shi sai an tashi. In an gama surfe za a koma niƙa, Baba yakan ɗauki wata guntuwar sanda da hannunsa ya riga ya goge ta sumul, ya zura ta ƙarƙashin bel yana cikin gudu, ya ɗan karkata ta, bel ya yi tsalle ya hau wancan wilin. Kafin mai hatsi ta gyara ɗaurin zaninta, gari ya fara zuba. Wasu sun rasa yatsu a wannan wasa, shi kuwa nasa goma cif suke, kuma yana son a lura da hakan.

A yankinmu gona na taɓa gona, gari na hango gari. Daga ƙofar gidanmu ana jin bugun injin ƙauyen da ke gabas da mu, su ma suna jin namu. In inji ya yi shiru da hantsi, nan take za a ce na wane ya mutu, mata su juya da kwanukansu wani wajen. Saboda haka a wurin masu inji irin su Baba, shiru a tsakiyar aiki abin kunya ne. Yakan ce shi injinsa bai taɓa yin shiru rana na sama ba sai ranar Juma'a in an kira salla.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba sai na bayyana wa kowa su ba. Dizal ya tashi ya bar mu a ƙasa. Baba da ke sayen jarka ya koma galan, daga galan ya koma kwalba. Ya ƙara kuɗin niƙa, mutane suka kasa, ya rage, shi ya kasa. Ya koma tayar da inji sai kwanuka sun taru da yawa, daga baya ko sun taru babu man. Na sha leƙawa in same shi zaune a kan buhu, yana goge injin da tsumma alhali babu abin da ya same shi.

Ƙanena, autanmu, shi ya kawo mafita. Ya koyi haɗa famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a wajen manoman rani na Watari, kuma hannunsa na da kyau. Bai shawarci kowa ba ya sayar da babur ɗinsa, ya tattaro farantan sola na hannu, ya samo tsofaffin moto uku na lantarki, ya ɗaura wa kowane inji nasa. Sannan ya kafa wani farin akwati a bango, wanda masu aikin ke kira inbata. Shi ke karɓar wutar rana ya mai da ita irin wadda moto ke ci, ya tayar da shi a hankali, ya rage masa gudu in gajimare ya tare rana. Kamata ya yi kowane moto ya samu akwatinsa, amma ko ɗayan ma da kyar aka same shi. Sai ya sa wani makunni mai dogon hannu a ƙarƙashin akwatin, irin wanda ake juya wutar gida zuwa janareta. In an kai hannun hagu wuta ta tafi surfe, tsakiya niƙa, dama dutsen wasa.

Ranar da aka fara gwadawa ina tsaye a bakin ƙofa. Auta ya tsayar da Baba gaban akwatin ya yi masa bayani. Ya ce doka ɗaya ce tak. Kafin a taɓa hannun nan, sai an danna jan maɓalli, a jira moto ya tsaya cik, lambobin da ke fuskar akwatin su sauka ƙasa, sannan a juya, sannan a danna kore.

"Baba, in aka juya shi yana cikin aiki, wutar ba ta da inda za ta, cikin akwatin za ta koma ta ƙone shi. Kuma in ya ƙone, ba mu da wani."

Baba ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce shi bai taɓa ganin injin da sai an yi masa sallama an jira ya amsa ba. Daga ranar ya raɗa wa akwatin suna "ranka ya daɗe". In zai danna jan maɓalli sai ya ɗan rusuna ya ce, ranka ya daɗe, a yi mana izini mu koma niƙa. Mata su yi ta dariya. Ni ma na yi, don na ga mahaifina ya dawo cikin farin gari har gira, kuma an koma ɗora tukunya a gidanmu ba tare da dogon lissafi ba.

Amma na fi kowa sanin dariyar ba ta kai ciki ba. Jiran nan yana cin sa. Ba wani dogon jira ba ne, bai fi mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa ba, sai dai a wurin Baba shiru ne a tsakiyar aiki, gaban mutane. Yakan tsaya ya goya hannuwansa a baya, ya shiga tambayar mai hatsi lafiyar mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, don dai a cike wurin da magana. Ga shi tsohon injin ya riga ya cinye masa kunne, moton lantarki kuwa ba ya bugu, wani siririn kuka kawai yake yi wanda Baba ba ya ji. Lambobin ma ƙanana ne, idonsa ba ya kama su. Sai ya ɗora tafin hannunsa a jikin inji ya ji ko ya daina rawa. Mutumin da ke gane ciwon inji daga zaure, ya koma lalube.

Akwai ranar da ya yi saurin juyawa moto bai gama tsayawa ba. Allah ya taƙaita, akwatin ya ɗauke kansa ya yi ta ƙyafta jar wuta, bai ƙone ba. Auta da ya zo ya gani, tsoro ya sa ya manta da wa yake magana. A gaban masu kawo niƙa ya ce wa Baba wannan fa ba bel ba ne, ba a yi masa wasan sanda. Baba ya sunkuya yana kakkaɓe buhun da babu komai a ciki.

Ni kuwa ba a yi ni da haɗiye magana ba. Na tare Auta a zaure na wanke shi tas. Na ce da wannan sandar da yake rainawa aka saya masa littafi da takalmi, kuma in ya ƙara ɗaga wa Baba murya a gaban mutane, ni da shi ne. Ya tsaya ya sha faɗan, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaya, wallahi tsoro nake ji." A nan ne ya gaya mini akwai wani ɗan abu da ake haɗawa, wanda in an taɓa hannun, akwatin zai tsayar da kansa tukuna kafin wuta ta juya, ko an yi kuskure babu abin da zai faru. Na ce to me ya hana ka sa shi? Ya buɗe mini tafukan hannunsa biyu. Na gane, amma haushin bai sauka ba, sai dai na rasa wanda zan ɗora wa. Abin da ya iya yi shi ne ya ɗaura jan ƙyalle a hannun makunnin don ya riƙa tuna wa Baba.

Aka ɗauki watanni lafiya. Sai ƙarshen damina, sabuwar masara ta fara shigowa, aiki ya yi yawa. Wata rana Auta ya tafi Watari gyaran famfon wani. An yi rasuwa a maƙwabtanmu, gidan cike da masu zaman makoki, wata dattijuwa daga gidan ta kawo masara a surfa a niƙa don tuwon baƙi. Baba ya tsallake layi ya fara da nata. Yana cikin surfen sai hadari ya taso daga gabas. A da hadari ba ruwansa da inji, yanzu kuwa in ya rufe rana aiki ya tsaya ke nan. Na dawo daga makaranta ina cire hijabi, ina jin sa ta bango yana cewa dattijuwar ta kwantar da hankalinta, garinta zai fita kafin ruwa ya sauko.

Sai na ji ƙara ɗaya, ɗas, ba mai ƙarfi ba. Bayanta shiru. Kafin in kai ƙofa warin ƙonannen roba ya tare ni.

Na same shi tsaye, hannunsa na kan makunnin, jan ƙyallen na cikin tafinsa. Surfe ya ƙare, ya kai hannun tsakiya kamar yadda ya saba kai bel, bai danna komai ba. Fuskar akwatin ta yi baƙi, wani siririn hayaƙi na fita ta gefensa. Ya saki hannun ya danna kore. Ya sake dannawa. Ya danna ja, ya jira kamar yadda aka koya masa, ya cika jiran har ya wuce, sannan ya sake danna kore. Na ce Baba, bari. Ya juyo ya dube ni, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba ko ranar da aka fita da Inna.

"Ke, ban manta ba. Wallahi ban manta ba. Hannun ne ya tafi."

Dattijuwar ta tattara masararta tana ta ba shi haƙuri, ta tafi a daka a turmi. Ruwan ma bai sauko ba, hadarin ya watse, rana ta fito fes.

Da la'asar Auta ya dawo. Ya kwance murfin akwatin, ya kai hancinsa, ya mayar da murfin ya ɗaure kowane kusa a hankali. Sannan ya zauna a kan buhu ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni da na hana shi ɗaga murya, ranar na so ya ɗaga, ya yi faɗa, Baba ya samu abin da zai mayar wa martani. Ladabin nan nasa ya fi zagi zafi. Aka kai wa Baba tuwo ya dawo yadda aka kai shi.

Auta ya kai akwatin wajen wani mai gyara a Rijiyar Zaki, aka ce abin da ya ƙone a ciki ya fi ƙarfin gyara. Ɗakin inji ya zauna a rufe a daidai lokacin da ya kamata a ce ana kwana biyu ba a huta ba. Da safe sai ka ji lugude ta kowace kusurwa, matan da suka manta da taɓarya suka koma mata, masu ƙarfi kuma suka riƙa aikawa ƙauyen gabas. Mutane suka yi ta zuwa yi wa Baba jaje, kowa da kyakkyawar niyya, kowa kuma sai ya tambayi yadda abin ya faru. Shi kuma ba ya ɓoyewa, yakan ce ni ne na juya. Ina daga ciki ina ji, kamar in fito in kore su.

Tsohon injin dizal ɗin yana nan a kusurwa, Baba ya lulluɓe shi da buhuna, yana cewa wata rana mai zai sauko. Wata safiya ya aika aka kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Babu mai sayensa a matsayin inji, kowa ya san abin da ya kashe shi, sai dai a auna a kilo. Ƙofar ɗakin ta yi masa kaɗan, don a kansa aka yi ginin, sai da suka sa guduma suka farfasa shi. Baba ya ɗauki lauje ya tafi gona tun kafin su fara, bai dawo ba sai da aka share wurin. Ni na tsaya a kansu, na yi ta masifa a kan ma'auninsu, ba don na san kilo ba, don dai in samu inda zan sauke abin da ke raina. Abin da aka samu ya miƙa wa Auta gaba ɗaya. Auta ya haɗa da ladan aikinsa na Watari, aka daɗe ana haɗawa, har aka samo wani akwatin na hannu.

Ranar da aka kafa shi na yi zaton an gama. Moto ya tashi, gari ya zuba, Auta ya matsa gefe ya ce Baba bismilla. Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kwaɗo, wanda ashe tun ranar kasuwar Rimin Gado ya saye shi. Makunnin na da wani ɗan rami da ake kulle hannun. Ya zura kwaɗon ya datse, ya kamo hannun Auta ya sa masa makullin a ciki.

"Kai kaɗai za ka riƙa juya shi. Ko na roƙe ka, kada ka ba ni."

Auta ya durƙusa yana cewa don Allah Baba ya yi haƙuri, in maganar ranar da ya ɗaga masa murya ce ya tuba. Baba ya ce babu wata magana, ya shafa kansa ya fita. Ya jawo benci ya ajiye a bakin ƙofa ta waje. Daga ranar nan ne wurinsa: ya karɓi kwano, ya jera a layi, ya miƙa gari in an gama. Auta ya rage zuwa Watari, don in ba ya nan aiki ɗaya kawai ake iya yi, wanda ya bar hannun a kai, daga baya ma ko wannan Baba ya daina taɓawa.

Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Na ce kuskure ɗaya a tsawon rai ba ya kore mutum daga sana'arsa, na ce Auta na buƙatarsa, na ce mutane za su ɗauka korar sa aka yi. Har na yi abin da ban saba ba, na ɗaga masa murya. Ya bar ni na gama, sannan ya buɗe hannunsa na dama yana kallo.

"Malama, hannun nan ya girmi yaron nan da akwatinsa. Abin da ya koya ba zai sake shi ba. Yaron kuma ba shi da wani babur ɗin da zai sayar."

Na shiga ɗaki na yi kukana, don na san gaskiya ya faɗa, kuma na tsani gaskiyar.

Da rani ya yi nisa Auta ya samu aikin haɗa wa wasu manoma famfo, aka sallame shi da kyau. Abin da ya fara saya shi ne ɗan abin nan da ya gaya mini a zaure. Ya wuni yana haɗa wayoyi, da ya gama ya kira Baba da ni. Ya tayar da surfe, yana cikin gudu ya kama hannun ya kai tsakiya da gangan. Moto ya rage gudu da kansa, ya tsaya, wani abu ya yi ƙas a cikin sabon ƙaramin akwati, injin niƙa ya tashi. Ya sake yi zuwa dutsen wasa, ya sake dawowa. Ya cire kwaɗon ya jefa aljihu, yana dariya kamar ƙaramin yaro, ya ce yanzu ko da ido a rufe Baba ya juya, babu abin da zai ƙone. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ƙafarsa ba ta tsallaka dokin ƙofar ba. Ya ce madalla, Allah ya yi albarka, wannan aiki ya yi kyau. Ya koma bencinsa.

Muka ce a ba shi lokaci. Auta ya koma zuwa Watari da gangan, yana barin ɗakin a buɗe, ko Baba zai ga babu kowa ya shiga. Wata Asabar babu makaranta, ina wanki a tsakar gida kusa da zaure, rana ta take sosai, irin wadda farantan ke so. Wata mata daga unguwar yamma ta zo da 'yar robar gero, ta gaishe shi, ta ce kunu za ta dama wa mai jego, a taimaka a niƙa mata yanzu. Na tsame hannuna daga ruwa na tsaya ina saurare. Ƙofa a buɗe take, babu kwaɗo, babu layi, tsakaninsa da koren maɓallin bai fi ya miƙe ya shiga ba.

Ya karɓi robar, ya ɗebi geron ya murza a tafinsa, ya ce ya bushe da kyau. Ya daɗe yana kallon cikin ɗakin. Sannan ya ajiye robar a gefen benci, ya rufe ta da faifai don kaji.

"Yi haƙuri, 'yata," ya ce. "Mai injin ba ya nan. Ki dawo da la'asar."